Kibod Marar Ƙara

Harafin "a" ne ya fara mutuwa. Ranar Laraba, ana tsakiyar zama, 'Yar Akawu ta ɗaga ido ta dubi fuskar laftof ɗinta, sai ta ga ta rubuta layi uku cur babu shi ko ɗaya. "Mun fito dg ɗkin ɗinki," in ji layin farko. Ta danna maɓallin da ƙarfi, ya zubo mata guda huɗu a jere, daga nan bai sake motsi ba.

Da "z" ne ko "c", da sai a lallaɓa a kai yamma. Amma Hausa in an cire mata "a", sai ta koma maganar mai mura. Haka ta ƙarasa zaman ranar da biro da takarda, hannunta na zogi tun daga wuyansa har gwiwa.

Shekararta tara tana wannan aiki. Ofishinsu shi ke tura wa kwamitocin bincike masu rubuta bayani, ita kuma tana cikin waɗanda ake nema, saboda ba ta cewa a maimaita. Sunan 'Yar Akawu kuwa gado ta yi, don mahaifinta shekara talatin da ɗaya ya yi yana buga tafireta a rajistar kotu, kuma tsofaffin ofis sun san shi. A wannan karon an haɗa ta da kwamiti mai mutum biyar, wanda ke binciken gobarar da ta tashi a wata masana'antar ɗinkin tufafi wata huɗu da suka wuce, ta ci mutum bakwai. Tun da aka rufe masana'antar ma'aikata sun watse, kowa ya koma wajen danginsa, don haka kwamitin ne ke bin su gari-gari. Yau a zauren makaranta, jibi a ofishin ƙungiyar ma'aikata. Duk inda aka je, ita dai jakarta ɗaya ce ta goyo: laftof, rikoda, caja, fayil, da kayan sawa na kwana biyu.

Ranar Alhamis ta ɗauko babban kibod na ofis, ta rungumo shi a hammata kamar katakon guga, wayarsa na jan ƙasa. Teburin da aka ba ta bai ɗauke shi tare da laftof ba, sai ta ɗora shi a cinya, maɓallansa na ta ƙara. Ba a yi minti goma ba Ciyaman, wani tsohon alƙali mai magana ƙasa-ƙasa, ya sauke tabarau ya dube ta.

"Malama, gini ake yi a kujerarki?"

Aka yi dariya, har da mai ba da shaidar. Ita ba ta yi ba. Da aka tashi ta biya wajen mai gyara, ya kwance laftof ɗin, ya leƙa, ya ce sai an yi odar allon maɓallan gaba ɗaya, sati uku in an yi sa'a. Zama na gaba kuwa Litinin ne, a wani gari mai tafiyar awa biyar a jirgin ƙasa.

Ranar Asabar da safe tana saka takalmi a bakin ƙofa, sai ga Baba da hularsa da sandarsa.

"Ina zuwa, Baba?"

"Inda za ki. Uwarki ta ce kayan aiki za ki saya."

"Ba irin naku ba ne fa. Wannan na zamani ne."

"Yatsu ma sun zama na zamani? Mu je, Uwata, rana na yi."

Shagon yana hawa na uku a wani dogon gini da ake sayar da kayan lantarki, kuma lif ɗin ba ya aiki. Baba ya huta sau biyu a kan matakala, bai yarda ta riƙe shi ba. Ciki ɗan tsukuku ne, kwalaye har rufi, fanka ɗaya tana juya zafi. Mai shagon, wani mai furfura a gemu da kofin shayi a hannu, ya janyo wa Baba kujera, sannan ya saurari bayaninta bai katse ta ba. Ta ce tana son wanda zai shiga jaka tare da laftof, wanda ba zai karya mata kafaɗa ba, wanda za ta yi awa shida a kansa hannu bai mutu ba, kuma kada ya yi surutu.

"Hajiya, kin haɗa su da yawa," in ji shi. "Amma akwai."

Ya share teburin shagon da gefen hannu, ya jera guda huɗu. Duk sirara ne, kaurinsu bai wuce na ɗan littafin aljihu ba, kuma an yanke musu ɓangaren lissafi na dama, don haka tsawonsu daidai da faɗin laftof. Ya ɓalle hular maɓalli ɗaya da wani ɗan ƙarfe, ya nuna musu abin da ke ƙasa: kowane harafi da nasa ɗan inji da nasa sifirin, ba shimfiɗar roba ɗaya ba irin ta laftof. Ya ce bambancinsu da manyan na tebur shi ne an rage musu tsayi, yatsa ba ya nutsewa sosai, wuyan hannu kuma ba sai ya ɗaga ba.

"Launin da kika gani a ciki shi ne halinsa," ya ce. "Shuɗi yana ƙara, ƙas-ƙas, kowa ya san kina aiki. Ruwan ƙasa ba ya ƙara sosai, amma akwai ɗan tudu da yatsa zai ji kafin harafi ya fita. Ja kuwa sulɓi ne, daga sama har ƙasa ba abin da zai tare ki. Wannan jan na ƙarshe har da 'yar roba aka sa masa, ko jariri na barci a gefe ba zai farka ba."

Baba ya jingine sanda, ya matso da kujera. Sanyin ƙashi ya lanƙwasa masa yatsu, na tsakiyan dama ma ba ya miƙewa, amma da ya ɗora su a layin tsakiya sai kowanne ya sami gidansa. Ya fara da na farko. Bai buga harafi ba tukuna, doguwar sandar tazara ya danna a gefen hagu, sannan a gefen dama, ya kasa kunne.

"Cire wannan. Yana rawa."

"Alhaji, sabo ne fil."

"Ban ce tsoho ba ne. Na ce yana rawa."

Mai shago ya danna da kansa, ya ji, ya mayar da shi kwali. Baba ya koma kan mai shuɗi. Ya rufe ido ya buga layin da ya buga sau dubbai a rayuwarsa, wato kotu ta zauna da ƙarfe tara na safe, ƙarar ta cika shagon har wani mai wucewa ya leƙo. Da ya buɗe ido babu kuskure ko ɗaya a fuskar kwamfutar shagon.

"Wannan," ya ce.

"Baba, wannan Ciyaman zai kore ni da shi."

"A zamaninmu mu shida ne a ɗaki ɗaya, kowa da injinsa, kuma alƙali bai taɓa cewa bai ji lauya ba."

"Ku ai a wani ɗaki kuke. Ni a gabansu nake zaune."

Ya yi tsaki, ya tura mata kujerar. Ta gwada ruwan ƙasan, ta ji daɗinsa a yatsa, amma a kunnenta har yanzu akwai ɗan ƙwas-ƙwas. Ta gwada jan mai roba. Yatsunta suka yi ta gudu, ba ta jin komai sai fankar shago. Ta tambayi batir, aka ce yana kai sati in an kashe fitilun ado, kuma in bulutut ya yi gardama ga waya a kwali. Ta tambayi ƙ da ɗ da ɓ, mai shago ya haɗa shi da laftof ɗinta, ya saita mata su a kan maɓallan da ba ta amfani da su, ta daina danna uku don samun ɗaya. Ya kuma nuna mata yadda ƙafafunsa ke zama a gefe da gefe, a ɗora shi kai tsaye a kan mataccen allon laftof ɗin ba tare da ya danne komai ba. Daga ƙarshe ta zura shi a jaka, ta ja zif, ta goya, ta taka zuwa ƙarshen baranda ta dawo. Kafaɗarta ba ta san an ƙara komai ba.

"Ya yi sauƙi da yawa," in ji Baba, yana shafa jan da ɗan yatsa. "Kafin ki yi niyya ya rubuta."

"Zan saba."

"Za ki saba," ya ce, ya ɗauki sandarsa.

Zaman Litinin a asibiti aka yi shi, a ɗakin taron likitoci, domin wasu daga cikin masu shaida har yanzu suna kwance. Dogon tebur ne, 'yan kwamiti a gefe ɗaya, lauyan kamfanin da jakarsa ta fata a ƙarshe, ita kuma a kusurwa kusa da soket. Warin maganin goge ƙasa ya cika ɗakin. Ta kunna rikoda, ta ɗora sabon kibod, aka fara. Ciyaman ya waiwayo sau ɗaya, ya ga yatsunta na tafiya babu sauti, ya gyaɗa kai.

Abin da Baba ya faɗa bai daɗe ba ya bayyana. Ta saba ta kwantar da yatsu a kan maɓallai tana jiran mai magana ya haɗiye yawu, to wannan ba ya son a kwanta masa. Da ta ɗan saki hannu sai ta ga jjjj ko ssss sun yi layi. Ta goge, ta dawo, kafin nan mai shaida ya yi gaba da jimla biyu. Sai ta riƙa riƙe maganar a ka tana zubawa daga baya, abin da ba ta yi ba tun shekararta ta farko. Lauyan kuwa tun safe tambayarsa ɗaya ce ga kowa, yana juya ta ta nan yana juya ta ta can: lokacin da kuka isa ƙofar baya, a rufe take? Da ma ba a rufe ake barinta ba saboda ƙura? Wa ya fara ganinta a rufe?

Wajen sha ɗaya da rabi aka shigo da mai shaida na huɗu. Mai guga ne, shekara goma sha biyu yana aiki a ɗakin da ke jikin ƙofar baya. An naɗe masa idanu biyu da bandeji, hannunsa na hagu cikin safar asibiti, matarsa ce ta riƙo shi har kujera, ta gyara masa wuyan riga, ta koma bayansa ta tsaya. Muryarsa a shaƙe take amma ba ta rawa. Ya faɗi lokacin da ya ji ƙauri, da yadda ya zare wayar dutsen guga don ya ɗauka daga wajensa ne, da yadda hayaƙi ya gangaro ta matakala, da matan ɗakin ɗinki da suka biyo shi saboda shi ya fi kowa sanin hanyar baya. Yana cikin bayanin abin da suka tarar a ƙofar sai ya tsaya. Ya karkata kai gefe.

"Ranka ya daɗe, ana rubutawa kuwa?"

"Ana rubutawa, Malam," in ji Ciyaman. "Ci gaba."

"Ban ji ba ne. Wancan watan da 'yan sanda suka zo ina jin biro a kan takarda. Yanzu ba na jin komai, kamar ni kaɗai nake magana."

"Ga sakatariya nan a hagunka, da kwamfuta."

"To, a gafarce ni. Ko za ta karanta mini inda na tsaya? Don in san inda zan ɗora."

Lauyan ya duba agogo. Ciyaman ya yi wa 'Yar Akawu alama da biro. A shekara tara ba a taɓa neman ta karanta wa mai shaida maganarsa ba, sai dai a karanta wa 'yan kwamiti. Ta gyara murya, ta koma sama da layi biyar, ta karanta yadda ake karanta takardar ofis, ba hawa ba sauka. Ta zo ƙarshe: "Da muka isa ƙofar baya muka same ta a rufe, na sa kafaɗa na tura."

"A'a," in ji mai guga.



"Ban ce a rufe ba, 'yar'uwa. A kulle na ce. Ƙofar nan kullum a rufe take, wannan ba labari ba ne, da ƙafa ma nake tura ta in zan fita shan iska. Ran nan kwaɗo ne a jiki, da sarƙa. Da hannun nan na kama shi." Ya ɗaga hannun da ke cikin safa.

Lauyan ya miƙe ya ce abin da aka rubuta shi ne abin da aka faɗa, ba daidai ba ne mai shaida ya canza magana bayan ya ji ta. Ciyaman ya dubi 'Yar Akawu.

"Malama, rikodarki na aiki?"

Ta mayar da ita baya minti biyu, ta ƙara sauti, ta ajiye a tsakiyar tebur. Muryar mutumin ta fito a shaƙe: muka same ta a kulle, na sa kafaɗa na tura. Lauyan ya zauna. Ita kuma ta goge kalma ɗaya ta rubuta wata, kunnuwanta sun yi zafi, fuskarta dai ba ta nuna komai ba. Mai guga ya ɗora daga inda ya tsaya, ya yi minti ashirin yana magana, matarsa ta kama shi suka fita.

Da aka tafi hutun rana ba ta bi su cin abinci ba. Ta sami benci a baranda, kusa da ɗakin ɗaukar hoton ƙashi, ta ɗora laftof a cinya, ta sa abin ji a kunne. Tana neman kalma ɗaya a duk abin da ta rubuta tun farkon binciken, duk inda ta same ta sai ta nemo wurin a rikoda ta saurara. Masu tura marasa lafiya suna wucewa ta gabanta, tana janye ƙafa ba ta ɗaga kai ba. A shaidar safiyar nan ta sami wuri ɗaya, wata mai ɗinka maɓalli ta ce a kulle, ita ta rubuta a rufe. Wannan ta sa ran samunsa. Wanda ba ta sa rai ba shi ne na sati biyu da suka wuce, a zauren makaranta, lokacin da laftof ɗinta lafiyarsa lau, babu sabon kibod balle ta ɗora masa laifi. A can ma lauyan ya yi tambayarsa sau uku, mai shaida ya ba da tasa amsar, ita kuma hannunta ya bi bakin lauya.

Ta zauna kamar minti biyar tana kallon layin. Gyarawa ba wuya, ba kuma wanda zai sani, domin ba a riga an miƙa kwafi ba. Ta gyara, sannan ta buɗe sabon shafi ta rubuta ranakun, da lambar kowane mai shaida, da abin da ta rubuta da abin da aka faɗa. Ta tarar da Ciyaman shi kaɗai a ɗakin taro yana ɓare lemo, ta juya masa fuskar laftof ɗin.

Ya karanta sau biyu. "Uku ke nan."

"Uku na samu, ranka ya daɗe. Kalma ɗaya kawai na bincika."

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa."

Ya goge hannu da hankici. Da aka dawo zama ya sanar cewa daga yau duk mai shaida za a karanta masa maganarsa kafin ya tashi, kuma za a bi duk zaman baya a gwada da rikoda. Lauyan ya nemi a rubuta cewa bai amince ba, ta rubuta. Wata 'yar kwamiti da ke da bikin ƙanwa a ƙarshen mako ta harare ta har aka tashi, don kowa ya san an ƙara musu kwanaki ke nan. Kwana huɗu aka ƙara.

Ranar Juma'a da yamma ta dawo gida. Ta sami Baba a tsakar gida yana jiƙa yatsu a ruwan ɗumi, ta zauna a kan tabarma ta ba shi labari tun daga farko, ba ta rage ba. Bai katse ta ba.

"Su suka gano sauran biyun, ko ke kika kai?"

"Ni na kai."

"To." Ya juya hannu a cikin kwano. "Ni nawa ba a taɓa karantawa ba. Allah kaɗai ya san abin da na bar wa mutane a fayil." Ya ɗaga murya wajen kicin. "Wai ruwan nan ba za a ƙaro mai zafi ba ne?"

Sati na gaba shugabar ofis ta ba ta takardar neman ba'asi, ta amsa a shafi ɗaya, aka saka a fayil ɗinta, kuma a jerin ƙarin girma na wannan shekarar babu sunanta. Rahoton kwamitin ya fito bayan wata biyar. A babi na uku an rubuta cewa mutum shida sun shaida ƙofar baya a kulle take da sarƙa, an kuma gurfanar da manajan da ke riƙe da makullai, shari'ar tana nan ana ta ɗagawa. Mai guga ba ta sake ganinsa ba. Ta dai ji daga wata nas cewa an yi masa aiki, idon dama ya ɗan buɗe, yana bambance mutum da bango.

Kafin nan an tura ta wani kwamitin, na binciken bututan ruwa da suka fashe a wata unguwa. Shugabansu injiniya ne mai sauri, yana son a gama kafin azahar. Mai shaida ta farko, wata mai wanki da ruwa ya cinye wa ɗaki, tana gama magana ta yunƙura za ta tashi, sai 'Yar Akawu ta ce, "Iya, ɗan zauna in karanta miki."

"Karanta me?" in ji injiniyan. "Ba mu ji ta ba?"

"Haka nake yi, yallaɓai."

Ya dubi agogo, ya dubi sauran 'yan kwamiti.

"To, yi sauri," ya ce.

Matar ta koma ta zauna, ta gyara mayafi, ta juyo da kunnenta mai ji.